Baffa, Ba Dabo Yaranmu Suke Yi Ba

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na saurari saƙon da ka aiko a kan bidiyon bikin gidan Gwaggo, inda kake tambaya ko mu mutanen Jos har mun kai ga kiran ɗan dabo ya yi wasa a gaban iyaye, kowa yana dariya. Wanda ya kalli abin a waya daga Kano dole ya yi wannan tambaya, don haka bari in yi maka bayani a tsanake.

Yaron nan ba ɗan dabo ba ne, kwaikwayon ɗan dabo yake yi. Ka sake duba shigarsa: kwat ɗin da ta fi ƙarfinsa, jar dara, baƙin tabarau da dare, ga yaronsa yana biye da akwatin ƙarfe yana kiransa Farfesa. Zai ɗaga hannu ya ce, "Jama'a ku shaida, babu komai a hannuna," alhali ga ƙwai nan ya leƙo daga hannun riga, yara suna ihu suna nunawa. Da ya fara surkulle kuma, ka kasa kunne da kyau: tuwon acca yake ambata, da gwate, da dankalin Bokkos. Sai ya karɓi naira 200 a hannun wani dattijo da alkawarin zai mayar da ita dubu, ya naɗe a hankici, ya miƙa wa yaronsa ta baya a idon kowa. A buɗe hankici, sai yankakkiyar takarda. Dattijo ya fara faɗa, a ce masa ya cire hularsa, sai ga ɗari biyunsa a ciki. Wannan na ƙarshen kaɗai ne ba a ga yadda aka yi ba, kuma ko shi daga baya yakan nuna wa yara: tun lokacin gaisuwa, da ya gyara wa dattijon hula, ya saka wata.

Asalin abin ma daga wajenku muka zo da shi. Kun san 'yan kama, masu zama kamar malami da almajirinsa suna jan baƙi da fassara, amma duk karatun na tuwo ne da nama. Kun san tashe, inda yaro zai maƙala gemun auduga ya zama tsoho. Kakanninmu da haƙar kuza ta kawo su tudun nan, musamman bayan jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, ba su baro wannan a gida ba. Abin da Jos ta ƙara shi ne kwat da sunan Farfesa. A nan mun tashi da Birom da Jarawa da Anaguta, da Yarbawa da Inyamurai a layi ɗaya, don haka yaronmu ya san ɗan dabo iri biyu: na bakin kasuwa mai layu da kiɗa, da na dandamali irin Farfesa Peller, Bayaraben nan da sunansa ya cika ƙasar nan kafin a kashe shi a Ibadan a 1997. Sai ya haɗa su biyun ya yi musu dariya tare.

Su ma Turawan da suka fito da salon kwat suna da masu yi masa shaƙiyanci. A Ingila an yi Tommy Cooper, shi ma da jar dara, wanda duk abin da ya taɓa sai ya lalace masa, alhali gwani ne. Mutane sun saba da shiriritarsa har ranar da ya faɗi a kan dandamali a 1984, ana nuna shi kai tsaye a talabijin, 'yan kallo suka ci gaba da dariya, ba su san ajali ne ya zo ba. A Amurka kuma Penn da Teller sukan yi wasan kofi da ƙwallo da kofunan da ake ganin cikinsu, ka ga komai amma hannu ya riga idonka. Ɓata wasa da gangan ya fi yin sa wuya, Baffa, domin sai ka iya shi sarai kafin ka san inda za ka zame.

Ni abin da ya sa nake goyon bayan yaran nan shi ne damfara. Na san wata baiwar Allah a unguwar Gangare da ta kwashe kuɗin adashinta ta ba wani mai cewa zai ninka su, ta wayi gari da takardu a ƙunshe. Nasiha ba ta hana ta ba, don tsoron mutumin take ji, tana ganin yana da aljanu. Yaron da ya taɓa ganin yadda kuɗi ke bi ta bayan hankici, ya yi dariya har da hawaye, da wuya wani ya tsorata shi da jan ƙyalle da turare. Sihiri haramun ne, babu mai jayayya a cikinmu. Amma mai sihiri ɓoyewa yake yi don a ji tsoronsa, wannan kuwa tona asirin rufa-ido yake yi a bainar jama'a.

Akwai iyaka, kuma a nan muka fi ku tsanani. Ba a saka aya ko addu'a a cikin surkullen wasa, ba a kwaikwayon fasto, ba a kwaikwayon harshen wata ƙabila. Garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da magana ɗaya ke jawowa. Na ga ranar da wani yaro ya fara rera surkullensa da muryar waƙar coci, nan take wani dattijo ya miƙe ya karɓe makirufo, kuma maƙwabtanmu Kiristoci suna zaune a wurin. Ba wanda ya ce dattijon ya yi zafi.

In Allah ya kawo ka Babbar Sallah, zan sa su zo zaure su yi maka na gwangwanin madara uku da lemon tsami. Ka zauna ta bayansu, ta nan ake ganin hannun hagu. A gaida Inna da yara.