Tambayi likita: bedi, tazargade da maganar sauro

Wata uwa daga Tawa: Likita don Allah in na dafa ganyen bedi na ba yarona zai warke daga palu?

Hajiya kar ki ba shi. Ɗacin nan da kike ji ai makami ne icen ya tanadar ma kansa, tunda in fara ko tsutsa ta far masa ba ya da ƙafar gudu. Cikin ƴaƴansa akwai sinadarin azadiraktin, ƙwaro in ya ci sai ya daina cin abinci ya kasa girma, shi ya sa manoma ke daka su su jiƙa su fesa ma wake. To yaro ba wake ba ne, kuma man bedi in jinjiri ya sha yana iya sa amai da jijjiga. Jiki ya yi zafi ki kai shi CSI, wato asibitin kusa da ku, a tsaga yatsa a gwada, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Hayaƙin ganyen kuwa yana korar sauro na ɗan lokaci, kafin tsakar dare sun dawo, ki ɗaura sange kawai.

Wani ɗalibi daga Yamai: An ce daga tazargade aka yi maganin palu, to me zai hana in sha shayinta?

Ɗan uwa rabin maganarka gaskiya ce. Daga wani nau'inta ne wata ƴar Sin, Tu Youyou, ta fitar da artemisinin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin palu, har ta samu kyautar Nobel a 2015, kinin ma, tsohon maganin palu, daga ɓawon wani ice na Kudancin Amurka ya fito. Matsalar awo ce, ganyen yau da na gobe ƙarfinsu ba ɗaya ba, kuma Coartem, maganin palu na asibiti, magani biyu ne aka haɗa don ƙwayar cutar da ta tsere ma ɗaya ɗayan ya kama ta. Shayin sai ya kwantar da masassara ya bar sauran ƙwayoyin cutar suna koyon jure magani, shi ya sa OMS, hukumar lafiya ta duniya, ba ta yarda da shi ba. Ni ma ban yarda ba.

Wani makiyayi daga Abalak: Me ya sa rele ɗin garinmu, mai taimaka ma ma'aikatan lafiya, ke tambayar ko dabbobi na ɓari, ina ruwan likita da tumakina?

Baba da ruwanmu ƙwarai. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla wajen Cintabaraden, sauro ne ke ɗaukar cutar tsakanin dabbobi, mutane kuma su kamu ta jini wajen yanka, ko taɓa abin ɓari, ko shan ɗanyen nono, an rasa rayuka. Garke ne ke fara nunawa kafin mutum ya kwanta, kuma wannan kai kake gani tun mu a asibiti ba mu da labari. In ka ga tumaki na zubar da ciki a jere bayan ruwan sama, ƴan raguna na mutuwa, ka gaya ma rele ranar, kar ka taɓa da hannu tsirara, kar a yanka marar lafiya a ci, nono kuma a tafasa shi.