Amsa ga Malamin da ɗalibansa suka yi shiru bayan fim

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce ka haska wa 'yan SS2 fim ɗin almarar kimiyya don su tattauna yadda fasaha ke sauya rayuwar jama'a, suka yi ta shewa wajen faɗa, da ka yi tambaya aji ya yi tsit, sannan aka kai ƙararka wai kana ɓata lokacin yara. Wallahi na ji maka, domin na san ɗacin wannan shirun. Ba laifin yaran ba ne. Fim ɗin ne ya yi musu yawa.

Kada ka ƙara haska fim gaba ɗaya. Awa biyu cikin zafi, janareta na ruri, Turancin 'yan wasa na gudu kamar ruwa, yaro ba zai riƙe komai ba sai duka da harbi. Yanko minti takwas zuwa goma sha biyu kawai. Ka rubuta tambaya ɗaya a allo kafin ka kunna, ba bayan an gama ba. A kalla sau biyu, na biyun kana tsayarwa kana fassarawa da Hausa.

Fara da Gattaca na 1997, wurin haihuwar Vincent, jarumin fim ɗin. Ana ɗibar jini daga diddigensa, na'ura ta ce akwai yiwuwar ciwon zuciya kashi 99 cikin ɗari, kuma shekara talatin da 'yan watanni zai yi a duniya. Da ya girma, ƙwayoyin halittarsa ake dubawa a hana shi aiki, ba a kallon ƙwazonsa. Tambayarka: wa ya kamata ya ga sakamakon jininka? Nan take za su kawo maganar gwajin jini kafin aure, tunda Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ka yi musu lissafin a allo: AS (mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon) ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Nan yara suke rikicewa, har manya ma. Sai ka matsa su: gwajin da ya kare jariri daga wahala, idan mai ɗaukar aiki ya nemi ganinsa fa? Amurka sai da ta yi doka a 2008 ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna wa mutum bambanci saboda ƙwayoyin halittarsa. A 2018 kuma wani masanin kimiyya na ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwayen da ya sauya wa ƙwayoyin halitta, aka ɗaure shi shekara uku.

Maganar ƙarar nan ita ta fi ƙona min rai. Mutum bai taɓa leƙa ajinka ba, bai tambaye ka darasin me kake yi ba, ya hango haske a bango kawai ya ruga ofis ya ce Malam ya buɗe gidan kallo. Kai ka sayi fetur da kuɗin aljihunka, ka aro majigi, ka hana idonka barci kana yanka fim, ƙarshe a tsayar da kai gaban yara kamar wanda aka kama da laifi. Shi kuwa mai tsegumin littafi ɗaya yake kwafa a allo shekara da shekaru, babu mai ce masa kanzil. Abin da ciwo. Don haka ka rufe wannan ƙofar: takarda shafi ɗaya, sunan fim, mintunan da za a kalla, tambayar, da maudu'in manhaja da ya dace da ita, shugaban makaranta ya sa hannu kafin ranar. Ka gayyace shi ya zauna a baya.

Kuma ka kalli komai kai kaɗai tukuna. Gattaca akwai wurin soyayya da bai dace da aji ba. Fim ɗin Indiya 2.0 na Rajinikanth, na 2018, wanda yaranmu da yawa sun riga sun sani, yana buɗewa ne da mutum ya rataye kansa a ƙarfen sabis, ka tsallake wurin. Ɗauki inda wayoyi ke fizgewa daga hannun mutane a Chennai, ka tambaye su: gobe babu waya, me zai fara tsayawa a unguwarku? Mai POS za su fara ambata. Amma ka faɗa musu ƙarara cewa iƙirarin fim ɗin na cewa sabis ɗin waya ke kashe tsuntsaye ba abu ne da kimiyya ta tabbatar ba, in ba haka ba za su kai shi gida a matsayin gaskiya.

Sifika ta fi majigi muhimmanci, hoto mai dishi-dishi ana jurewa, sauti mara fita ba a jurewa. Bayan an kalla, raba yaran biyar-biyar, 'yan mata da rukuninsu idan ka ga suna nauyin baki, minti goma, kowane rukuni ya rubuta wanda ya ci riba da fasahar da wanda ya cutu. Kada ka ce "me kuka fahimta?", wannan tambayar ce ke kashe aji.

In kana son wanda za a kalla dukansa, nemi Pumzi na Wanuri Kahiu 'yar Kenya, na 2009, kusan minti ashirin ne. Duniya ce bayan yaƙin ruwa, har gumi da fitsari ana tacewa a sha. Yaron da ke sayen jarka wajen mai garuwa kullum ba sai ka yi masa dogon bayani ba.