Amsa ga ƙanenmu kan fita ba fasfo a ƙasar mutane

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka, inda ka ce bizarka lafiya lau take, don haka ka kulle fasfo a akwati gudun kada ya ɓata, hoton da ke cikin waya kaɗai kake yawo da shi, kana tambaya ko ya isa. To ka ba ni aron hankalinka, don wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ka ga, samun izinin zama daban, iya nuna shi a daidai lokacin da jami'i ya tare ka kuma daban. Ɗan sandan da ya tsayar da kai a tashar jirgin ƙasa bai san abin da ke cikin akwatinka ba. Kuma kada ka dubi abokanka 'yan ƙasa ka ce ai su ba sa ɗaukar komai. A ƙasashe da yawa dokar da ta hau kan baƙo ba ita ce ta hau kan ɗan gida ba.

Ɗauki Amurka. Ba a tilasta wa Ba'amurke yawo da katin shaida, amma dokar shige da fice ta 1952 ta ce duk baƙon da ya kai shekara 18 ya riƙa ɗauke da takardar rajistarsa a kowane lokaci, kamar katin nan na zama da suke kira girin kad. Rashin yin haka laifi ne, har ana iya ɗaure mutum kwana 30. A Japan ma haka: mai zama ya riƙe katin zamansa, mai ziyara ya riƙe fasfo, kuma tarar fita ba katin zama tana iya kaiwa yen 200,000. A Italiya in jami'i ya nemi fasfo da takardar zama ka kasa nunawa ba tare da uzuri ba, doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tara har yuro 2,000. A Saudiyya kuwa kowa ya san zancen iƙama, wato katin zaman baƙi. Ingila dai ba ta da dokar yawo da kati a titi, to amma ba a auna sauran duniya da ita.

Sai batun kan iyaka, wanda shi ne ya fi damuna, tunda na ji ka ce kuna shirin tsallakawa maƙwabciyar ƙasa a mota. Mutane sun ɗauka iyaka ita ce wurin nan da ake buga hatimi, in ka wuce shi ke nan. A'a. A Amurka jami'an tsaron iyaka suna da hurumin aiki har mil 100 daga bakin iyaka, wato wajen kilomita 160, suna kafa shingen bincike a kan manyan hanyoyi, kuma Kotun Ƙoli ta amince da irin waɗannan shingaye tun 1976. A Faransa ana iya tambayarka takardu a cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, haka a filayen jirgin sama da tashoshin da ke karɓar matafiya daga waje, ko da ba a zarge ka da komai ba. In baƙo ya kasa nuna izinin zamansa, suna iya riƙe shi har awa 24 suna tantancewa. Ka duba, mutum bai saci komai ba, ya kwana a hannun 'yan sanda, ga aiki ko jarrabawa ta wuce shi.

Kuma kada yarjejeniyar nan ta Shengen, ta wasu ƙasashen Turai, ta ruɗe ka. Eh, tun 1995 aka fara ɗage binciken kullum tsakanin ƙasashen da ke ciki, amma ba a ce ka tsallaka hannu rabbana ba. Kowace ƙasa tana iya dawo da bincike na wani lokaci, kamar yadda Jamus ta yi a dukkan iyakokinta na ƙasa daga watan Satumba na 2024. Katin zama shi kaɗai ma ba ya maye gurbin fasfo wajen tsallaka iyaka, biyun ake so tare.

Hoton waya fa? Yana da amfani, ban ce ka goge ba. Ranar da fasfo ya ɓata, Allah ya kiyaye, shi zai sauƙaƙa maka wajen kai rahoto ga 'yan sanda da neman sabo a ofishin jakadanci. Wani jami'in ma in ya ga dama ya duba ya sallame ka. To amma alfarma ce ya yi maka, ba haƙƙinka ba ne, sai fa in ƙasar ce da kanta ta fitar da manhajar da ta amince da ita.

Don haka ƙanena, in an ba ka katin zama, ya zauna a jikinka kullum. In ba a ba ka ba tukuna, fasfon ne shaidarka, ka samo 'yar jakar da ake ratayawa a cikin riga. Tafiyar nan ta mota kuma, don Allah kada ka shiga sai da fasfo da kati duka, ka kuma duba ranar ƙarewarsu tun yau. Ka turo mini sunan ƙasar da za ku shiga ta saƙon sirri, mu duba shafin hukumar shige da ficensu tare. Wassalam.