Yini ɗaya a Bankok tare da uwargida: ina za mu je, me za mu ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zuwa Bankok, babban birnin Tailan, sarin kaya a kasuwar Pratunam, kuma a wannan karon zan tafi da uwargida. Za mu sami yini ɗaya na yawon buɗe ido, amma hankalinta ya ƙi kwanciya game da abinci, har tana shirin cika jaka da garin rogo da kilishi. Wani abokina ya ce babu damuwa, mu riƙa sayen kaza ko kifi, mu ce wa mai abinci "mai sai mu", wato kada a sa alade. Shin hakan ya wadatar? Kuma ina ya kamata mu ziyarta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Batun wuraren ziyara mai sauƙi ne, don haka zan fara da shi. Ku yi sammako ku hau jirgin ƙasa na sama zuwa tashar Saphan Taksin, daga nan ku shiga jirgin ruwa a kogin Chao Phraya har zuwa Tha Chang, inda Babbar Fadar Sarki take, wadda aka fara ginawa a 1782. Baƙo yana biyan baht 500, kuɗin Tailan, kuma ana daina sayar da tikiti da ƙarfe uku da rabi na rana. Suturarku ta gida ta wadatar, domin gajeren wando da riga mara hannu ne ake hanawa. Idan kuna son ganin gine-gine, haikalin Buda na Wat Pho na kusa, kuma daga tashar Tha Tien ƙaramin jirgi zai tsallakar da ku zuwa haikalin Wat Arun. Duk mai keke-napep ɗin da ya tare ku ya ce fada a rufe take yau, kada ku saurare shi, ku ƙarasa bakin ƙofa ku gani da idonku, domin shagon duwatsun ado yake so ya kai ku ya karɓi la'adarsa.

Yanzu sai maganar abokinka, wadda nake ji kusan kowane mako daga bakin mutanen da suka je Tailan sau biyu suka dawo suna ba da fatawa. Uwargida ta fi shi gaskiya. Kalmar "mai sai mu" tana sa mai abinci ya fasa zuba maka yankan naman alade da ido ke gani, amma ba ta taɓa abin da ya riga ya narke a cikin tukunya. Romon miyar taliya da ake sayarwa a bakin titi sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi tun asuba, kuma daga wannan tukunyar ake ɗibar wa mai son kaza da mai son kifi. Akwai masu suya da kitsen alade, akwai masu haɗa niƙaƙƙen namansa da jatan lande ko su kwaɓa shi a cikin wainar ƙwai, sannan akwai wata miyar taliya da ake kaurara romonta da jini. Na taɓa tsayawa gaban wata mai tebur a wata kasuwar dare, wani ɗan uwanmu ya faɗa mata kalmar nan da ƙarfin gwiwa, ta yi murmushi ta gyaɗa kai, ta soya masa shinkafa da kaza a kaskon da ta gama suyar alade a ciki, da cokali ɗaya, ba ta ko ɗauraye ba. Matar nan ba ta cuce shi ba, ta yi abin da ya roƙa daidai gwargwadon fahimtarta.

Ko da an tsira daga alade, saura batun yanka. Fiye da kashi casa'in cikin ɗari na mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, saboda haka kazar da ke rataye a teburin da ba na Musulmi ba, ba ka da hujjar ɗauka cewa yankan Musulmi ce. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutumin da a Kano ba zai sayi tsire wurin mahaucin da bai sani ba, shi ne zai zauna a ƙasar wasu ya dogara da kalma uku da ya koya a WhatsApp, kuma ko sautinsu bai iya ba, alhali harshen Tai kamar Hausa yake, hawa da saukar murya na sauya ma'ana.

Kuma babu larurar da ta kai ga haka, domin akwai Musulmi da yawa a Bankok. Ku nemi koren tambarin halal na Majalisar Koli ta Addinin Musulunci ta Tailan, ko teburin da ke ɗauke da alamar jinjirin wata da tauraro, wanda galibi za ka ga mai shi sanye da hijabi ko hula. Hanya mafi sauƙi ita ce ku bi masallaci, abinci na nan kewaye da shi. Bayan kun baro fada, ku sauka unguwar Bang Rak ku yi azahar a Masallacin Haroon da ke lungu na 36 a titin Charoen Krung, ku ci "khao mok kai", dafa-dukar shinkafa da kaza mai kurkum, ko miyar "massaman" mai gyaɗa da dankali, wadda ba ta da yaji sosai. Da dare kuma ba sai kun yi nisa ba, kewayen Masallacin Darul Aman a lungu na 7 na titin Phetchaburi yana kusa da Pratunam. Gidajen abincin Larabawa na unguwar Nana ma suna nan, sai dai mashaya sun yi yawa a unguwar da dare, kuma ba na jin uwargida za ta ji daɗin wurin.

Kilishin nan kuwa ta bar shi a gida, domin shiga da nama ƙasar ba tare da izini ba laifi ne, kuma ana iya ƙwace shi a filin jirgi. Katin rigakafin shawara ne ya kamata ya shiga jakar, naka da nata, domin ana neman sa daga matafiyan Najeriya.