Yaya Ake Haɗa Askirim ɗin Kwakwa Mai Gina Jiki a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce mai yara huɗu a Kaduna, kuma babban ɗana ɗan shekara 16 yana wasan ƙwallo, kullum maganarsa ita ce abinci mai furotin. Na ji ana cewa kwakwa tana gina jiki, sai na markaɗa ta da dabino na tace, na sa a firiza don in yi musu askirim maimakon na kanti. Da na fito da shi sai na tarar ya daskare kamar dutse, cokali ba ya shiga, ga ƙanƙara a ciki, ga maiƙo yana liƙe wa mutum a ganɗa. Ina kuskuren yake, kuma ta yaya zan yi shi da laushi ya kuma amfani jikinsu, alhali ba ni da injin askirim, wuta ma ba kullum take tsayawa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki zuri'a, ya yi musu albarka. Zan fara da gyara abin da aka gaya miki game da kwakwa, domin daga nan matsalar ta taso. Kwakwa abinci ne mai daɗi da ƙamshi, amma furotin ɗin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. A cikin giram 100 na madarar kwakwa mai kauri, furotin bai wuce giram 2 da 'yan kai ba, alhali man da ke ciki yana kaiwa giram 20 ko fiye. Askirim ɗin kanti da kike gudu ma ya fi ta, domin yakan ƙunshi giram 3 zuwa 4. Saboda haka abin da kika sa a firiza ruwa ne da mai da sukarin dabino, kuma kowannensu ya nuna halinsa: ruwan ya zama ƙanƙara, man kuma ya dunƙule. Man kwakwa yana daskarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24, abin da kika saba gani a kwalbar man kwakwa lokacin hunturu, shi ya sa idan ya yi yawa a askirim bakin mutum da ya riga ya yi sanyi ba ya narkar da shi da wuri, sai a ji shi a ganɗa.

Abin da nake ba mutane shawara a kai shi ne a bar wa kwakwa aikin da ta iya, wato ɗanɗano da ƙamshi da santsi, a nemo furotin daga madara ko waken soya. Abin farin ciki kuma, furotin ɗin madara yana gyara laushin askirim da kansa, domin yana riƙe ruwa, yana kuma kewaye ɗigon mai ya hana shi haɗewa wuri ɗaya. Ke nan abin da zai amfani ɗanki shi ne zai magance miki taurin da kika yi kuka da shi.

Mafi sauƙin samu a gidajenmu su ne kindirmo da madarar gari. Kindirmo yadda yake bai fi giram 3 zuwa 4 na furotin a giram 100 ba, amma idan aka tsane shi sai lissafin ya canza. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsafta, irin wanda ake tatar koko da shi, a kan rariya, ki ɗora rariyar a kan kwano, ki juye lita ɗaya na kindirmo marar sukari, ki rufe ki sa a firji na awa shida zuwa takwas. Za ki ga wani ruwa mai ɗan rawaya ya tsatsafo ƙasa, abin da ya rage a ƙyallen kuma ya yi kauri har cokali na iya tsayawa a ciki. Daga lita ɗaya za ki sami kamar giram 400, kuma furotin ɗinsa ya kusan kai giram 9 zuwa 10 a kowane giram 100. Kada ki zubar da ruwan da ya fita, yana da kyau a kwaɓin fanke ko burodi. Sai dai ki tabbatar madarar da aka yi kindirmon da ita an tafasa ta, domin ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su na tarin fuka da burusela, kuma firiza ba ta kashe su, ajiye su kawai take yi. Idan ba ki san inda aka yi shi ba, ki yi naki a gida ko ki sayi yogot na kamfani marar zaƙi.

Madarar gari kuwa tana buƙatar a karanta jikin ledarta. Wadda aka cire wa mai tana da furotin kusan giram 35 a giram 100, mai cikakken mai tana da kusan 25, sannan akwai wadda ta cika kasuwanninmu da ake aunawa a kofi, wadda aka cire man madarar aka mayar da man itatuwa a madadinsa, ita kuma sau da yawa furotin ɗinta bai kai na sauran ba. Tun da kwakwa ta riga ta kawo mai isasshe, wadda aka cire wa mai ita ce ta fi dacewa da wannan haɗi.

Ga awon da nake amfani da shi, wanda zai ishi mutum shida: madarar kwakwa mai kauri mililita 200, tsanannen kindirmo giram 400, madarar gari giram 60 (kamar cokalin cin abinci takwas a shafe), dabinon da aka cire wa ƙwallo giram 100, sitacin masara cokali ɗaya, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Idan aka haɗa lissafi, furotin ɗin duka ya kai kimanin giram 65, wato kowane mutum zai sami kusan giram 11, kwatankwacin abin da ke cikin ƙwai biyu, kuma ya fi ninki biyu na abin da daidai wannan awo na askirim ɗin kanti ke bayarwa. Ina roƙonki kada son ƙarin furotin ya sa ki ninka madarar garin. Tana ɗauke da sukarin madara mai yawa, kuma idan ya wuce kima yakan dunƙule bayan 'yan kwanaki a firiza, sai a ji askirim ɗin kamar an barbaɗa masa rairayi.

Wajen tatsar madarar kwakwa, ki zaɓi ƙosasshiya wadda idan kin girgiza za ki ji ruwa yana kaɗawa a ciki, ki kuma shinshina ta bayan kin fasa, domin wadda ta fara lalacewa tana da wani wari kamar na sabulu da ba ya ɓoyuwa a cikin sanyi. Ki kankare baƙin bayan idan kina son askirim ɗin ya fito fari, ki yayyanka ƙanana, ki markaɗa da kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi. Ɗumin yana da muhimmanci, domin da ruwan sanyi man zai daskare ya liƙe a jikin blanda da ƙyallen tata, ki rasa rabin daɗin. Tatar farko kawai za ki ɗauka. Ta biyu da aka ƙara wa ruwa ki bar ta don shinkafa ko kunun aya.

Ki jiƙa dabinon a ruwan zafi kaɗan na minti ashirin har ya yi laushi, musamman idan busasshe ne irin wanda ake kawowa daga Agadas, sannan ki markaɗa shi sosai. Ki dama sitacin da ɗan madarar kwakwa mai sanyi don kada ya yi gudaji, ki haɗa da sauran madarar kwakwar da madarar gari da gishiri a tukunya, ki ɗora a wuta marar ƙarfi kina juyawa ba tsayawa. Da zarar ya fara tururi ya yi kaurin da zai rufe bayan cokali, ki sauke. Kada ki bari ya yi ta tafasa, domin madarar kwakwa tana tsinkewa idan zafi ya yi mata yawa, mai ya tashi sama. Sai ya huce sarai kafin ki zuba kindirmon, saboda tsami da zafi idan suka haɗu madara kan guntse ta zama kamar cuku. Daga nan ki haɗa komai a blanda ki markaɗa na minti biyu, ki sa a firji na aƙalla awa huɗu. Ki ɗanɗana kafin ki daskarar, kuma ki bar zaƙin ya ɗan fi yadda kike so, domin sanyi yana rage jin zaƙi a harshe.

Yanzu sai batun daskarwa, wanda a ganina shi ne ya fi ba mutane wahala. Laushin askirim ya dogara ne a kan girman ƙwayoyin ƙanƙarar da ke cikinsa. Idan haɗin ya daskare a hankali ba tare da motsi ba, kamar yadda naki ya yi, ƙwayoyin kan sami lokacin girma har haƙori ya ji su. Idan ya daskare da sauri ana kuma juya shi, sai su fito ƙanana sosai, iska kuma ta shiga tsakaninsu. Aikin injin askirim ke nan, kuma ana iya yin sa da hannu. Ki zuba haɗin a faranti na ƙarfe mai faɗi, kaurinsa kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, ki sa a can ƙarshen firiza. Bayan minti 40 za ki ga gefe-gefen ya fara kamawa yayin da tsakiyar ke nan ruwa-ruwa. Ki kankaro gefen da cokali mai yatsu zuwa tsakiya, ki buga sosai, ki mayar. Ki maimaita haka duk rabin awa sau uku ko huɗu. Wadda ba ta da wannan lokacin tana iya zuba haɗin a abin yin ƙananan ƙanƙara, idan ya daskare ta juye a blanda mai ƙarfi ta markaɗa, a sha nan take.

A ranar da babu wuta kuma, akwai tsohuwar dabarar ƙanƙara da gishiri, wadda da ita aka yi askirim tun kafin a ƙirƙiro firiza. Injin hannu da Nancy Johnson ta yi wa rajista a Amurka a 1843 ma da ita yake aiki. Gishiri yana sa ƙanƙara ta narke a sanyin da ya fi na daskarewar ruwa, har ruwan gishirin ya iya sauka kusa da digiri 20 ƙasa da sifili. Ki sayi ƙanƙara ki farfasa ta, ki haɗa kashi uku nata da kashi ɗaya na gishiri a cikin kula ko bokiti mai murfi. Ki zuba kofi ɗaya na haɗin a leda mai ƙarfi, ki fitar da iska ki ɗaure, ki ƙara sa ta a wata ledar, ki nutsa a cikin ƙanƙarar, a yi ta girgizawa na minti goma zuwa goma sha biyar. Wannan aiki ne da ya dace da ɗan ƙwallonki, amma ya naɗe hannunsa da tawul, domin sanyin yana iya yi wa fata illa. A ɗauraye bakin ledar kafin a kwance don kada gishiri ya shiga. Ni kaina na fi son askirim ɗin da aka yi ta wannan hanya, saboda saurin daskarewarsa yana sa ya fi na faranti laushi.

Ɗauke wuta yana da wata illa da ta wuce lalata laushi. Duk lokacin da askirim ya ɗan narke ya sake daskarewa, ƙwayoyin ƙanƙararsa ƙara girma suke yi, kuma idan ya narke gaba ɗaya ya zauna sama da awa biyu cikin zafi, madara da kwakwa duka wuri ne da ƙwayoyin cuta ke saurin yaɗuwa. Irin wannan kada ki mayar da shi firiza, ki haƙura da shi. Shi ya sa na fi son ki riƙa yin kaɗan wanda za a shanye cikin kwana uku, ki raba shi a ƙananan robobi masu murfi, ki jera su tsakanin ledojin ƙanƙara. Tun da sukarinsa bai kai na kanti ba, kuma sukari ne ke hana askirim daskarewa sosai, zai ɗan yi tauri bayan kwana ɗaya. Ki fito da shi minti goma kafin a sha.

Idan a cikin yaran akwai wanda madara ke kumbura wa ciki, ki sa awara giram 400 da ba a soya ba a madadin kindirmon, wadda aka dafa wakenta sosai kuma ba a sa mata yaji ko albasa ba, ki cire madarar garin, ki ƙara ayaba biyu da suka nuna don laushi. Furotin ɗin awara ya danganta da yadda aka matse ta, amma ba ya kasa giram 8 a giram 100. Garin furotin da masu ɗaga ƙarfe ke saya yana aiki shi ma, sai dai tsadarsa ba ta zama dole ga yaro mai cin wake da ƙwai da kifi ba.

Game da lafiya, akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa nau'in mai ne mai daskarewa, wanda yawansa ke ɗaga kolestarol a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada irin wannan mai ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato kamar giram 22 ga babban mutum, kuma kofi ɗaya na wannan askirim yana ɗauke da kusan giram 7 daga kwakwa kaɗai. Dalilin da ya sa na rage kwakwar zuwa mililita 200 ke nan. Dabino ma, duk da albarkarsa da ɓawon da ke taimaka wa hanji, kusan kashi biyu cikin ukunsa sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya lissafa shi cikin abincinsa na ranar, mai ciwon ƙoda kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya ƙara furotin. Idan kin zaɓi zuma a madadin dabino, kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Ga ɗanki kuwa, ki ba shi kofi ɗaya bayan ya dawo daga filin wasa, tare da ɗan barbaɗen soyayyar gyaɗa a kai, wadda za ta ƙara masa giram 3 zuwa 4 na furotin a kan wancan 11 ɗin.