Amsar Gwaggo Kan Wankan Jego da Kunun Kanwa

'Yata, kin tambaye ni ko dole ne ki yi wankan jego na kwana arba'in ki kuma sha kunun kanwa idan Allah ya sauke ki lafiya, tun da malamar asibiti ta gargaɗe ki, surukarki kuwa har ta tara itace. Wannan al'ada ce, ba farilla ba, iyayenmu kuma sun riƙe ta ne don su kori sanyi daga jikin mai jego, su samar mata ruwan nono.

Akwai wani likita ɗan Birtaniya, Farfesa Eldryd Parry, wanda aka haifa a 1930, ya yi aiki a Ibadan da Habasha, sannan ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1969. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yawan mata masu ƙuruciya da ake kawowa asibiti bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, suna haki, zuciyarsu ta gaza. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka bibiyi mata 224, suka fitar da sakamakon a 1978. Bayaninsu shi ne kanwa tana ɗauke da gishiri mai yawa wanda ke tara ruwa a jiki, tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta kuma suna ƙara wa zuciyar da ta sha wahalar ciki nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne ya nemi sanadin ciwon a cikin gidajenmu domin a tare shi tun bai kama ba. Daga baya ya jagoranci makarantun likitanci a Ilorin da Kumasi, ya rasu a 2022.

Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya yi a Kano daga bisani ya nuna cewa ba al'adar kaɗai ce sanadi ba, talauci da ƙarancin seleniyom, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, suna da hannu. Duk da haka, ke da aka ce hawan jini ya taɓa ki a wannan cikin, ki yi wanka da ruwa mai ɗumi kawai, ki bar kanwa, kunun gyaɗa ya ishe ki. Idan kin ga kumburi, ko numfashi ya gagare ki in kin kwanta, a kai ki asibiti a ranar. Surukarki kuwa ki bar ni da ita, ni zan je in same ta da kaina.