Amsa kan koyarwa ta waya a ƙauye

Malam, ka tambayi yadda za ka koyar da ɗalibanka na ƙauyukan Ringim ta waya ba tare da an bar 'ya'yan talakawa a baya ba. Shawarata ita ce ka tsara darasin daidai da yaron da wayar gidansu ɗaya ce, tana aljihun mahaifinsa har ya dawo daga gona, kuma sai an biya kuɗi a shagon caji. Bidiyo kai tsaye ba zai riski wannan yaro ba, domin yana cinye data kuma yana ɗaure kowa da lokaci guda. Gajeren saƙon murya ta WhatsApp, wanda zai saurara bayan isha'i ya maimaita, ya fi masa amfani. Ko a 2020, da korona ta rufe makarantu, ta rediyo aka riƙa ba da darussa a Kano.

Sannan ka bar su su yi aiki da kansu: kowa ya auna ɗakinsu da takun ƙafa, ya turo lissafinsa da muryarsa. 'Yan mata kuwa, da aikin gida ke riƙewa, ka ƙara musu wa'adi, kuma ka nemi yardar iyayensu tun farko.